Shaidar Hakimi da Shaidar Takarda: Ɗaukar Ɗan Doka a Da, Ɗaukar Kurtu a Yau

Duk lokacin da aka ba da sanarwar ɗaukar sababbin 'yan sanda a Nijeriya, masu shagunan intanet ne ke fara cin kasuwa. Tun da sanyin safiya samari ke yin cincirindo a bakin shago, kowa da fayil a hammata, a ciki akwai sakamakon WAEC ko NECO, da takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da lambar NIN. A 2016, da gwamnatin Buhari ta ce za ta ɗauki mutum 10,000, waɗanda suka cike takardar nema sun haura 900,000. Kowane gurbi guda ke nan yana da manema sama da 90.

Dattawan da suka riski zamanin En'e, in suka ga wannan turereniya, sukan ce a da ba haka ake ɗaukar ɗan doka ba. A da sai an san ka, an san ubanka, an san gidan da ka fito. Da sigar yabo suke faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Yanzu da ake ta muhawarar kafa 'yan sandan jihohi, maganar tasu ta daina zama hirar dandali, ta koma abin da ya kamata a zauna a auna. Kafin a ba mutum kaki da bindiga da ikon cewa wani “ka biyo ni”, wace shaida ce ta fi amfani a kansa, ta babban da ya san shi ko ta takardar da ya riƙo?

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke kama mai laifi, su tsare shi, su zartar da hukuncin alƙali, su kuma raka sarki in zai fita. Yawancinsu bayin sarki ne da cucanawa da barorin fada, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Ba aiki ne da ake nema ba. Ko dai a cikinsa aka haife ka, ko wani babba ya riƙo hannunka ya kai ka. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, tunda ta hannun sarakuna suka shirya yin mulki. Sai a shekarun 1920 aka fara gyara, Kano tana kan gaba. Aka ware runduna mai kaki da fareti da albashi daga baitulmali, aka bar dogarai da hidimar fada. A Kano 'yan gadi aka fara kiran su, amma sunan 'yan doka shi ya bi ƙasa.

Don aikin ya yi kwarjini sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarki a kansa. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokar Katsina tun 1929, shekaru kafin ya gaji mahaifinsa Sarki Dikko a 1944. Ado Bayero ya riƙe Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda igiyar rundunar take ɗaure.

Shiga kuwa ta hannun mutane ake yi. Hakimi ya kawo yaron gidansa, dagaci ya kawo ɗan ƙanwarsa, wani bafade ya roƙa wa maƙwabcinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami tsofaffin soja da suka dawo daga ƙasar Bama, sun iya fareti, sun saba da bin umarni, aka ɗebi da dama daga cikinsu. Ana duba ƙira da ƙarfi da lafiya, amma babban abin dubawa shi ne wanda ya tsaya maka. Ilimin boko ya daɗe bai zama sharaɗi ba, ko da yake daga baya an riƙa tura wasu horo Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna.

Abin da wannan hanya ta haifar mai kyau, ba wanda zai musanta shi. A sace sa a ƙauye da daddare. Ɗan dokar da aka turo ya san wane mahauci ne a kasuwar yankin ke sayen dabba ba ya tambayar inda ta fito, ya san dillalin da ya taɓa shiga hannu, ya san a zauren wa baƙo ke sauka. Kafin ya isa ma mai unguwa ya riga ya ji labarin duk wata baƙuwar fuska da ta kwana a garin. Ba ya buƙatar tafinta, ba ya tambayar hanya. Sannan yana da abin jin kunya. In ya ƙwace akuyar wata gwauruwa, ƙara ba ta tsaya a ofis ba, sai ta kai kunnen hakimin da ya kawo shi, uwarsa kuma ta ji a gidan biki. Wanda ya tsaya masa shi ma mutuncinsa yana cikin lamarin, don haka ba ya kawo wanda ya san ɓarawo ne.

Sai dai wanda ya kawo ka shi ke da kai. Nan ne dattawan nan ke saurin wucewa in suna ba da labari, musamman waɗanda gidajensu ke kusa da fada. A tambayi tsofaffin 'yan NEPU. Tun da aka kafa jam'iyyar a Kano a watan Agusta na 1950, mabiya Malam Aminu Kano suka san ɗan doka ta wata fuskar. A hana su izinin lacca, in sun taru a ce sun yi taro ba izini, in sun yi magana a ce sun zagi sarki. Ɗan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne, wato mai kamu da mai shari'a da mai tsaro duk daga tukunya ɗaya suke ci. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan zamani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Talakan da ya kasa biyan haraji da Bafulatanin da ake bi jangali su ma suna da nasu labarin kulki. Kuma duk wanda gidansu ba shi da hanya zuwa fada, komai gaskiyarsa da ƙarfinsa, ba shi da ta inda zai shiga aikin.

Ƙananan ƙabilu sun kai irin waɗannan koke-koke gaban Hukumar Willink a 1957 da 1958, ita kuwa ta ba da shawarar a riƙe rundunar tarayya guda ɗaya don ta zama garkuwa ga marasa rinjaye. A Jihar Yamma ma 'yan sandan ƙananan hukumomi sun zama sandar dukan 'yan adawa a zaɓukan 1964 da 1965. Da soja suka karɓi mulki a 1966 sai suka sa 'yan doka ƙarƙashin Sufeto Janar, wani kwamiti da Yusuf Gobir ya jagoranta ya ba da shawarar a haɗe su da na tarayya, zuwa wajen 1970 kuma an gama. Wanda ya cika sharaɗi aka ɗauke shi, wanda bai cika ba aka sallame shi. Shi ya sa har yau sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan ta ƙasa. Waɗanda suka rubuta haka ba mantuwa suka yi ba, abin da suka gani ne ya tsorata su.

Kada kuma a ɗauka ita rundunar tarayyar don talaka aka ƙirƙire ta. Asalinta wasu masu gadi 30 ne da aka ɗauka a Legas a 1861. Wani Bature mai suna Glover ya cika ta da Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, har aka kwashe su zuwa yaƙin Asante a 1873 da 1874, kuma akwai gidaje a zangunan Ghana da asalinsu ke komawa ga irin waɗannan sojoji. Dabarar Bature ita ce baƙo ya tsare baƙo, domin wanda ba shi da dangi a gari ba ya jin nauyin kowa in an ce ya daka. A ranar 1 ga Afrilu 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu aka sami wadda muke da ita yanzu. Ɗan doka an zaɓe shi ne don an san shi, ɗan sandan Gwamna kuma don ba a san shi ba, amma dukansu biyu biyayya ga na sama aka nema a wurinsu.

To yaya ake ɗaukar kurtu a yau? Sharuɗɗan da aka saba bugawa ba ɓoyayyu ba ne. Shekara 18 zuwa 25. Kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Ingilishi da lissafi, a zama bai wuce biyu ba. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace 1.64, faɗin ƙirjin namiji in ya cika shi da iska santimita 86. Kada kotu ta taɓa ɗaure ka, kada bashi ya yi maka katutu, mace kada ta kasance da juna biyu. Kowa kuma a jiharsa ta asali ake tantance shi, a raba gurabe bisa jihohi da ƙananan hukumomi 774.

Ranar tantancewa abin kallo ce. Ɗaruruwan matasa cikin farar riga da farin gajeren wando da farin takalmi, a jere a rana tun hantsi, kowa rungume da fayil. Ana kira ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A tsayar da kai jikin ma'auni ba takalmi, wani jami'i ya danna katako a kanka. Akwai mai miƙe wuya, akwai mai ɗaga diddige a sace, a daka masa tsawa ya sauke. A zagaya ƙirjinka da awo. A ce ka haɗe ƙafafu a ga ko gwiwoyi na karo ko ƙafar ta yi gwame, a duba tafin ƙafa, a duba yatsu, a duba idanu ko akwai harara-garke, a sa ka yi magana a ji ko kana in'ina. Wanda ya gaza da santimita ɗaya a ce ya koma gefe, ko da shi ne ya fi kowa hankali a filin. Waɗanda suka tsallake su je su zauna gaban kwamfuta su amsa jarrabawar da JAMB ke shiryawa, sannan gwajin asibiti, sannan jiran fitowar suna. Wanda Allah ya ci da shi ya tafi Kaduna ko Maiduguri ko Ikeja ko Oji River, ko ɗaya daga ƙananan makarantun horo, ya yi kimanin wata shida, ya fito kurtu.

Akwai wata ƙofar ta manya, Kwalejin Wudil a Jihar Kano, wadda aka kafa a 1988, daga baya ta zama mai ba da digiri. Can shekara biyar ake yi, a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufurtanda. Amma ba su ne ke tsayawa a shingen hanya ba, kuma ba su ne mai ƙara ke fara tararwa a kantar caji ofis ba. Kurtu ne fuskar hukuma a wurin talaka.

Alherin wannan sabuwar hanya babba ne, kuma ina ganin masu begen da ba sa ba shi haƙƙinsa. Ɗan mai gyaran takalmi a Birnin Kudu, wanda ubansa bai taɓa taka ƙofar hakimi ba, yana da damar cike takarda daidai da ɗan hakimin. Mace tana iya nema. Kirista daga Zangon Kataf da Musulmi daga Ilori ma'auni ɗaya ake danna musu a ka. Ɗan sanda yanzu dole ya iya karatu da rubutu, ya ɗauki jawabin mai ƙara, ya tsaya gaban majistare ya ba da shaida. Kuma a bisa doka ba ya bin kowa godiyar da za a ce ya biya da kama wani. Ba ƙaramin ci gaba ba ne a ce an fitar da aikin daga zauren mutum ɗaya an shimfiɗa shi a fili.

Illarta ita ce abin da awo ke iya kamawa kaɗai take aunawa. Tsawo da ƙirji da kiredit duk lambobi ne, ba a gardama a kansu, shi ya sa aka fi son su. Amma me ke sa ɗan sanda ya zama alheri ko masifa a unguwa? Haƙuri in an zage shi. Tsoron Allah in ya tarar da kuɗi a ɗakin da yake bincike. Iya raba faɗan maƙwabta ba tare da ya kai kowa sel ba. Sanin lokacin da ba a ɗaga bindiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a allon kwamfuta. Ita kanta takardar kiredit biyar, kowa ya san akwai cibiyoyin jarrabawa da ake biya a rubuta wa yaro amsa a allo. Kuma a cikin mutum 900,000 ɗin nan, nawa ne suka taso da burin aikin ɗan sanda? Mafi yawa aiki kawai suke nema, kuma ba laifinsu ba ne. Wanda ya cike ta 'yan sanda shi ne ya cike ta soja da ta kwastan da ta shige-da-fice da ta sibil difens, duk wadda ta fito alhamdu lillahi.

Za a ce ai akwai takardar masu tsayawa. Gaskiya ne, kuma ita ce ragowar tsohuwar hanya a cikin sabuwa. Ana son mai nema ya kawo sa hannun mutane masu daraja, irin su basarake, ko majistare, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko babban ma'aikacin gwamnati, ko babban jami'in ɗan sanda ko na soja, su ce sun san halinsa. Amma a duba yadda ake samun sa hannun. Yaro ya je gidan wani darakta da bai taɓa gani ba, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, Baba ne ya ce in kawo a sa mini hannu.” Darakta ya ɗago kai ya ce, “Kai ɗan gidan wane ne?” Ya faɗa. “To, Allah ya ba da sa'a.” Ya rattaba hannu, ya manna hoto, an gama. In yaron nan ya harbe direba a kan Naira ɗari bayan shekara uku, ba wanda zai buɗe fayil ya nemi daraktan ya tambaye shi. Hakimin da ya kawo ɗan doka yana kwana da sanin cewa abin kunyar yaron nasa ne. Mai sa hannu na yau alfarma ya yi, ya manta.

Mafi muni, sanayyar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta katanga. Kowa ya san zancen “gurbin” wane da “jerin sunayen” wane, kuma kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Akwai kuma 'yan damfara da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan za su saka suna, duk da cewa hukuma na maimaita cewa neman kyauta ne. Bambancin kawai shi ne a da wanda ya kawo ka a fili yake, an san shi, ana iya kai masa kuka. Yanzu a ɓoye yake. Yana cin moriyar ubangida, ba ya ɗaukar nauyin ubangida.

Ba zargin 'yan gari kaɗai ba ne wannan, hukumomin da kansu sun tona wa juna. Tsarin mulki ya ba Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ikon naɗa kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. A 2019 rigima ta ɓarke tsakaninta da Sufeto Janar Mohammed Adamu a kan wa ke da ikon ɗaukar kurata 10,000. Babbar Kotun Tarayya ta ba Sufeto Janar gaskiya a ƙarshen shekarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a watan Satumba na 2020, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa Hukumar da ikonta a watan Yuli na 2023. Shekara huɗu ana shari'a a kan wa zai riƙe alƙalami, a daidai lokacin da 'yan bindiga ke tashin ƙauyuka a Zamfara da Katsina, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 kuma tana fama da 'yan sandan da yawansu da aka fi ambata bai kai 400,000 ba. Ba a gama hutawa ba, a watan Yuni na 2024 rundunar ta fito fili ta yi watsi da jerin sunayen da Hukumar ta fitar, ta ce akwai waɗanda ba su nema ba ma, da waɗanda suka faɗi jarrabawa, da waɗanda asibiti ya ƙi. Hukumar ta musanta, ta nemi a yi bincike, daga baya aka sasanta. Yaron da ya wuni a rana cikin farin gajeren wando, da ya ji wannan a rediyo, me zai ɗauka game da aikin da yake shirin shiga? Darasin farko ya riga ya koya tun bai sa kaki ba.

Da a ce horo na gyara abin da tantancewa ta bari ya wuce, da da sauƙi. A watan Janairu na 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna halin da Kwalejin Ikeja ke ciki, ɗakunan kwana a lalace, kurata na rabon abincin da bai kai ya kawo ba, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar ba-zata ya gani da idonsa. Wanda aka horar cikin wulaƙanci, wulaƙanci zai fita da shi. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 ba daga sama ta faɗo ba.

Daga nan kuma sai a tura shi inda aka ga dama. Yaro daga Ebonyi ya tsinci kansa a wani caji ofis a gefen dajin Rugu, ba ya jin Hausa balle Fulatanci, ba wanda zai raɗa masa komai a kunne, shi ma kowa ya gani da sanda da rawani zargi yake. Ba laifinsa ba ne, kuma akwai hikima a cakuɗa 'yan ƙasa. Amma aikin ɗan sanda rabinsa labari ne, labari kuwa ba a ba baƙo.

Wannan giɓi ne ya sa tsohuwar hanya ke dawowa da sababbin sunaye. 'Yan kato-da-gora a Maiduguri tun 2013, Amotekun a jihohin Yarbawa a 2020, rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a Oktoba 2023, Askarawan Zamfara a Janairu 2024. Duk 'yan gida ake ɗauka, saboda sun san daji, sun san fuska. Matasan Maiduguri sun yi abin da baƙin jami'ai suka kasa, don sun san ɗan gidan wa ya shiga Boko Haram. Amma mun kuma ga abin da 'yan sa-kai suka aikata a wasu kasuwannin Zamfara, inda sanin mutum ya zama hanyar rama tsohuwar gaba, aka riƙa yanke wa Bafulatani hukunci saboda kamanninsa. Shaidar basarake ma ba wahayi ba ce. A 2022 gwamnatin Zamfara ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hannu a ta'addancin 'yan bindiga. In da sa hannun fada kaɗai ake shiga aiki a irin wannan wuri, su wa za a kawo?

In aka tilasta mini zaɓar ɗaya, ta yau zan ɗauka, ba tare da dogon tunani ba. Dalilina shi ne kurakuranta karya ƙa'ida ne, ana iya kai su kotu, ana iya fallasa su a jarida, kamar yadda aka yi a 2019 da 2024. Na tsohuwar hanya kuwa su ne ƙa'idar kanta. Ɗan dokar da ya kama ɗan NEPU bai saɓa wa tsarin da ya kawo shi ba, aikin da aka ɗauke shi dominsa ya yi. Gwamnan yau kuma ya fi hakimin jiya kuɗi da iko nesa ba kusa ba, ga shi yana da zaɓe a gabansa duk shekara huɗu. A miƙa masa ikon zaɓar wanda zai riƙe bindiga, ba tare da wani shinge ba, kowa ya san 'yan wa za su cika layi: yaran da suka yi masa rakiyar kamfe da gora da adda.

Amma dattawan nan suna da abu guda da bai kamata a bar su su tafi da shi kabari ba, wato cewa hali a unguwa ake saninsa, kuma shaida ba ta da amfani sai mai ba da ita yana da abin asara. Ana iya ɗauko wannan ba tare da an ɗauko barantaka ba. Jarrabawa ta fara tacewa, a buga makin kowa a fili tare da sunansa da ƙaramar hukumarsa, yadda wanda ya ci 70 zai ga dalilin da ya sa aka ɗauki mai 40 in an yi hakan. Sannan a liƙa sunaye da hotunan waɗanda suka tsallake a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi da babbar kasuwa na 'yan makonni, duk mai ƙorafi ya kawo a asirce, a bincika. Haka shaidar ba za ta zama ta mutum ɗaya ba. Mai shayin bakin tasha ya fi darakta sanin wane yaro ne ke sayar da ƙwaya, matan unguwa sun fi kowa sanin mai dukan ƙannensa. Wanda ya sa hannu a takardar tsayawa kuma a ajiye sunansa, in wanda ya tsaya wa ya aikata babban laifi a shekarunsa na farko a kira shi ya yi bayani, a kuma daina karɓar sa hannunsa. Za a ga yadda alƙaluma za su yi nauyi.

Ƙananan ma'aikata, daga kurtu zuwa saje, a bar mafi yawansu a jihohinsu ko inda suke jin harshe, amma ba a gundumar da aka haife su ba, kada ya zama ɗan sanda ne zai kama kawunsa. Manya kuwa a ci gaba da cakuɗa su. In kuma majalisa ta gyara sashe na 214 aka kafa 'yan sandan jihohi, sakin layin da ya fi cancanta a tsaya a karanta da kyau a dokar kowace jiha shi ne wanda ya faɗi su wa za su zauna a hukumar ɗaukar ma'aikata, wa ke naɗa su, da kuma ko gwamna na iya korar su ranar da suka ƙi karɓar jerin sunayen da ya aiko.